Yadda za ka ɗauki hoton gizo-gizon lambu kusa-kusa da 'yar ƙaramar kyamara

Mutane da yawa in suka ga hoton gizo-gizo wanda idanunsa suka fito ƙuru-ƙuru, har gashin ƙafarsa kana iya ƙirgawa, abin da suke fara cewa shi ne ai wannan sai mai babbar kyamara ta miliyoyi. To gaskiya ba haka abun yake ba. 'Yar kyamarar tafiye-tafiyen nan da ke shiga aljihun kaftani tana da wani abu a wannan aikin wanda babbar ma nema take, abin da ya rage maka kawai ka iya sarrafa haske, ka iya tsayar da hannunka, sannan ka san halin gizon da kake bi, don ba dukkansu ne halinsu ɗaya ba.

Ga abin da nake nufi. In ka matsa kusa da ƙaramin abu, wurin da ke fitowa tas a hoton tsukewa yake ya koma siriri, a babbar kyamara mai sensa (ɗan farantin ciki da hoto ke sauka a kai) milimita 36 da 24 wani lokaci ko milimita ɗaya bai kai ba, sai ka ga ido ya fito amma baki da ƙafafun gaba duk sun dushe. Ƙaramar kyamara kuwa da yawansu sensar ba ta wuce milimita 6 da ɗan ɗoriya a kwance da 4 da rabi a tsaye ba, kuma wannan ƙanƙantar ce ke ba ka zurfi, kai da ƙirji da rabin ƙafafu su fito tare a ɗauka ɗaya. Aibinta ɗaya ne, ba ta jure duhu, kana ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara mata gani a duhu, ya wuce 800 hoto zai cika da yashi-yashi. Shi ya sa rabin maganar nan duk a kan haske za ta ƙare.

A ƙananan kyamarori wadda ta fi suna a aikin kusa-kusa ita ce Olympus Tough TG-6 da ta fito a 2019, da ƙanwarta OM System TG-7 ta 2023, nauyinsu wajen giram 250 ne, suna kama fokas daga santimita 1, kuma a rufe suke ruf, ruwa ba ya shiga ƙura ba ta shiga, wanda duk wanda ya san hunturun Birnin Kebbi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ricoh WG-80 ma tana zuwa santimita 1 kuma da 'yan fitilu shida kewaye da idonta. Irin su Canon G7 X da wasu cikin jerin Sony RX100 sensarsu ta fi girma, hotonsu ya fi tsabta, amma iyakarsu wajen santimita 5 ne kuma sai in ba ka yi zum ba, kana yin zum dole ka ja baya sosai. Maganin wannan gilashin ƙari ne da ake maƙalawa a gaba, wanda aka fi sani Raynox DCR-250, da shi za ka yi zum har ƙarshe ka tsaya wajen santimita 12 daga gizon, sai dai ƙananan kyamarori da yawa ba su da wurin ɗaura shi sai ka nemi zoben da ke haɗa su. In ta hannu za ka saya dan Allah kar ka biya sai ka gwada, ka ciro takardar naira a aljihu, ka murza zuwa alamar fure (a TG alamar madubin likita ce), ka ɗauki ƙananan rubutun jikinta, ka buɗe hoton ka ƙara girmansa ka duba ko akwai tabo ko gefe ɗaya ya dushe. Mai waya kawai shi ma kar ya ce ba shi a ciki, gilashin makuro, wato na ɗaukar kusa-kusa, da ake maƙala wa waya yana aiki, kuma kusan duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Kafin ka je wurin mai rai ka fara da abin da ba ya gudu. Ƙwayar shinkafa ɗaya a kan tabarma ta isa, ka yi ta ɗauka kana matsawa kana ja baya har hannunka ya gane daidai tazarar da fokas ke kamawa ba sai ka tsaya tunani ba.

Sai maganar ina da yaushe. Daga ƙarshen damina zuwa kaka, wato Satumba, Oktoba har farkon Nuwamba, lokacin ne gizo-gizo suka fi yawa kuma matan sun girma sun cika, ga raɓa da safe tana kwanciya a kan yana. A Oktoba rana na fitowa wajen 6:30 a nan yankin Kebbi, to in ka fito daga sallar asuba ka ɗan jira gari ya waye ka kama hanya, awa ɗaya da rabi na farko su ne naka, iska ba ta tashi ba, gizon bai ji ɗumi ba balle ya yi ta zirga-zirga, hasken kuma mai taushi ne. Da hunturu suna raguwa, yanar ma ƙura ta ɓata ta, sai dai ka gangara fadama inda ake noman rani, lambunan tumatir da attaruhu da albasa da alayyafo, irin na bakin gulbi a Argungu da Birnin Kebbi ko wajen Jega da Aliero, can da yake akwai ruwa akwai ƙwari, inda ƙwari suke kuwa gizo na nan. Bazara in zafi ya haura 40 ban ba ka shawarar wuce ƙarfe takwas a fili ba, kai da batir duk za ku sha wahala.

Kuma kar ka faɗa lambun mutane haka kawai. Ka yi sallama, ka ce sannu da aiki Baba, zai dube ka da kyamara a hannu ya ce "yawwa ɗana, mi kaka biɗa cikin tumatur da sahe haka?" ka gaya masa gaskiya, ka nuna masa hoto ɗaya a sikirin, galibi shi ne ma zai nuna maka inda suke don kullum yana cin karo da yanarsu a fuska. Tambaya ɗaya da nake so kar ka manta, yaushe aka yi feshi na ƙarshe. Fegin da aka yi wa maganin ƙwari kwanan nan ba za ka samu komai ba, kuma bai kamata ka durƙusa kana shaƙa a ciki ba, ka nufi shinge, gindin zogale, lalle, gwaiba, ciyawar bakin kwalbati, wuraren da feshi bai cika kaiwa ba. Abin yana damuna wallahi, don gizon nan ƙwarin da ke cinye wa manomi amfani yake ci dare da rana ba a biyansa ko kwabo, amma feshi ba ya tambaya.

Nau'in gizo-gizo da masana suka rubuta a duniya ya haura 50,000 tun 2022, amma a lambu kaɗan ne za ka riƙa haɗuwa da su kuma kowanne da yadda ake zuwa masa.

Mafi sauƙi ita ce Argiope, babbar nan mai ratsin rawaya da baƙi da ƙirji mai ƙyallin azurfa, tana zaune tsakiyar yanarta kai a ƙasa, ƙafafu bibbiyu a haɗe sun yi siffar X, sau da yawa da wani farin ɗinki mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikin yanar. Macen ce babba, namijin ɗan mitsitsi ne za ka gan shi a gefe in ka lura. Ba ta gudu in ka zo a hankali, amma in inuwarka ta faɗo mata kwatsam ko ka taɓa zare ɗaya, ko dai ta shiga girgiza yanar da ƙarfi ko ta saki jiki ta faɗo cikin ciyawa, shikenan ka yi asarar safiya. Kafin ka matsa ka fara duba inda dogayen zaren da suka ɗaure yanar suka tafi, wani yana can jikin reshen da kafaɗarka za ta goga. Sirrin ɗaukarta shi ne bayan kyamararka ya daidaita da shimfiɗar yanar, kar ka karkata ko kaɗan, in kun yi daidai ƙafafu takwas duk za su fito, in ka karkata rabi ya tafi. Bayan ka samu wannan sai ka zagaya ta gefe ka ɗauko ta a kaikaice, nan ne za ka ga yadda take rataye da ƙananan faratanta ba kwance take a kan yanar ba. Ƙyallin ƙirjinta yana ƙona hoto, ka rage haske a saitin +/- na kyamarar zuwa -0.3 ko -0.7. Haka za ka yi wa Trichonephila senegalensis, doguwar nan mai zare ruwan zinari da ke shimfiɗa yana tsakanin bishiyoyi wani lokaci faɗinta ya kai mita, ita matsalarta tana son sama, sai ka ɗaga hannu sararin sama ya zamo bayanta ta fito baƙa ƙirin, to a nan ka kunna filasha ko da rana ce. Ka duba gefen yanarta da kyau, akwai wasu 'yan ƙananan gizo masu ƙyalli, Argyrodes, da ke zaune suna satar abin da ta kama.

Amma wanda zai sa ka kamu da son aikin nan shi ne mai tsalle, dangin Salticidae, sun haura nau'i 6,000 su kaɗai. Ba ya saƙa yanar kamu, farauta yake da ido, idanu takwas ne amma biyun gaba manya ne kuma suna gani tar. Akwai mai toka-toka shimfiɗaɗɗe da ke yawo a bangon gida da jikin bishiya, Menemerus bivittatus, tsawonsa bai cika wuce santimita ɗaya ba, akwai Plexippus paykulli wanda namijinsa baƙi ne da farin layi a tsakiyar baya. Shi wannan ba a binsa, in ka bi shi zagayawa zai yi bayan ganye kuna ta wasan ɓuya har rana ta yi. Ka sauko daidai tsayinsa, in a ƙasa yake ka kwanta, ka sa kyamara a gabansa ka tsaya cik, sai ka ɗan motsa yatsan ɗaya hannun a saman kyamarar. Zai tsaya, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya ɗaga kai yana kallonka, 'yan gajerun hannuwan nan na gefen bakinsa suna motsi sama da ƙasa, to wannan daƙiƙa biyu ko ukun su kake jira, ka danna. Wani lokaci ma tsalle zai yo ya sauka kan gilashin kyamarar, kar ka firgita ka yarfar, ka kai shi jikin ganye ya sauka da kansa, da ma kafin ya yi tsalle sai ya maƙala zare ya riƙe shi. A hotonsa in idanun nan biyu suka fito tas an gama, ko da sauran jikin ya dushe ba wanda zai kula, in kuwa ido bai fito ba ka goge kawai.

Sauran a taƙaice. Cikin fure, na kuɓewa ko kabewa ko rama, ka leƙa a hankali, akwai Thomisus fari ko rawaya da ke zaune ya ware ƙafafun gaba yana jiran zuma ko ƙuda, in ka ga ƙudan zuma ya sandare a fure ba ya motsi to ka duba ƙarƙashinsa. A gonar shinkafa kuma Tetragnatha ne, siriri dogo, yana miƙe ƙafafu gaba da baya a jikin ganye har ka wuce ba ka gan shi ba, shi a tsaye za ka juya kyamara don tsawonsa ya shiga.

To haske. Rana tsaka ita ce mafi muni, inuwa baƙa, ƙyalli fari fat, ba komai a tsakani. In dole ne a lokacin, ka sa wani ya tare rana da farin ƙyalle ko ka yi amfani da inuwar jikinka, amma ka kawo ta sannu a hankali. Da safe ka gwada tsayawa yadda rana za ta kasance bayan yanar ta ɗan gefe, kai kuma kana fuskantarta, bayan hoton ya zama wuri mai duhu irin inuwar mangwaro, nan ne zare zai haska ɗaya bayan ɗaya da raɓa a jere a jikinsa, in rana na bayanka kuwa yanar ɓacewa take gaba ɗaya. Cikin gizon da ke inuwa sai ka mayar masa da haske da farin kwali a ɗaya hannun. Kar ka fesa wa yana ruwa don ka ƙirƙiro raɓa, nauyin yana tsinka ta, kuma ko a makarantar allo an karantar da mu a Suratul Ankabut cewa gidan gizo shi ne mafi raunin gidaje, aikin dare guda ne za ka rushe saboda hoto ɗaya.

Filasha kuwa kar ka taɓa harba ta tsirara a wannan kusancin, gizon zai fito da ɗigon fari mai zafi a ido da jiki, kuma a santimita biyu uku idon kyamarar ma kansa yana tare hasken. Mayafi za ka yi mata. Ka samu farar robar nan mai laushi ta zuba abinci, ko farar takarda ninki biyu, ka yanka faɗin tafin hannu, ka huda rami daidai idon kyamara ka zura, yadda saman zai tsaya gaban filashar ya ɗan rusuna kan gizon. Abin da ake so hasken ya bazu a kan wuri mai faɗi kusa da gizon, iya faɗin mayafin da kusancinsa iya taushin hasken, in ka manna takarda a jikin filashar kai tsaye ba abin da ka yi sai rage mata ƙarfi. Masu TG akwai wanda kamfanin ya yi, FD-1, yana zagaye idon, amma na roba ma yana fidda kai. Amfanin filasha na biyu shi ne walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, tana tsayar da rawar hannu da 'yar iska.

Saiti ba shi da yawa. ISO tsakanin 100 da 400. In ba filasha, saurin ƙiftawar kyamara kar ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in da iska ka kai 1/500. Ƙofar haske a ƙaramar sensa f/4 zuwa f/5.6 ta isa, a mai sensa inci ɗaya irin su G7 X da RX100 ka iya kai f/8, ka matse fiye da haka hoton laushi zai yi ba kaifi ba. Akwatin fokas ka mayar da shi guda ɗaya mafi ƙanƙanta, in ka bar kyamara ta zaɓa da kanta ganyen baya za ta kama ta bar maka gizon, musamman na kan yana. In ta ƙi kamawa, ka sa tafin hannunka a gefen yanar daidai tazarar gizon ba tare da ka taɓa ba, ka danna maɓalli rabi fokas ya kulle, ka riƙe a haka ka dawo kan gizon, sannan ka riƙa ɗan rusunawa gaba da baya da jikinka duka har ido ya fito a sikirin ka ƙarasa dannawa. Ka sa ɗauka a jere, biyar shida a danna ɗaya, ɗaya zai dace. Kuma don kyamara ta ce tana zuwa santimita 1 ba dole sai ka je can ba, a nan kana tare wa kanka haske kana tsorata gizon, a TG gara ka yi zum ka tsaya santimita 5 zuwa 10. TG ɗin tana kuma da tsarin da take ɗaukar hotuna da yawa a fokas daban-daban ta haɗe su zuwa ɗaya mai zurfi, yana da kyau sosai amma sai gizon da ke zaune shiru, ba iska, kyamara kuma a dafe.

Ƙafa uku ban cika ganin amfaninta a lambu ba, kafin ka kafa ta ka taɓa zare ko ka taka shukar mutane. Sanda ta fi, irin ta makiyaya, ka kafa ta a ƙasa ka riƙe ta da hannun hagu ka jingina kyamarar a kan wannan hannun, kana iya zamewa sama ko ƙasa yadda kake so. In gizon a kan ganye yake, ka kama karan ganyen da yatsu biyu na hagu a hankali, ka ɗora gaban kyamara a kan wuyan hannun nan, yanzu ko iska ta kaɗa ku duka tare kuke motsi. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ka sauke numfashi rabi ka danna. In ka samu dutse ko bokiti ka ajiye kyamarar, sa taima na daƙiƙa 2.

Da dare wata duniya ce daban. Akwai gizon da ake kira Neoscona, da magariba take fitowa ta saƙa yana, da yawa da safe su cinye ta su ɓuya cikin naɗaɗɗen ganye, shi ya sa ba ka ganinsu da rana. Ka riƙe tocila a gefen idonka ka haska ƙasa, za ka ga 'yan ɗigo suna ƙyalli kore-kore, idanun gizon ƙasa ne dangin Lycosidae, in ka yi sa'a ka samu mace tana jan ƙunshin ƙwanta a baya ko 'ya'yanta jingim a gadon bayanta. Amma wannan a cikin gida za ka yi shi, ko gindin zogalen tsakar gida ko bayan ɗaki, ke ma 'yar'uwa da ba ki fita lambu nan ɗin ya ishe ki. Halin da ake ciki na tsaro a wasu yankunanmu na Kebbi da Zamfara ba ya buƙatar bayani, mutum da tocila cikin lambun wani da dare ba wanda zai ɗauka gizo yake nema.

Ko da rana ne ka sa takalmi rufaffe, ka buga ciyawa da sandar nan kafin ka durƙusa, kububuwa da kasa da kunama su ne abin tsoro a lambu fiye da gizon kansa. Mafi yawan gizon lambu ba ruwansu da mutum, amma kar ka kama kowanne da hannu. Wanda za ka kiyaye shi ne Latrodectus geometricus, ruwan ƙasa, mai zagayayyen ciki, yana yin yana a hargitse ƙarƙashin kujera ko tsohuwar taya ko bakin bokiti, a ƙasan cikinsa akwai alama ruwan lemu mai tsukakken tsakiya kamar kalangu, ƙunshin ƙwansa kuma ƙaya-ƙaya ne. Dafinsa na sa ciwo sosai, ka ɗauke shi da zum daga nesa, in ya ciji wani a tafi asibiti.

In ka dawo gida kar ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan tana karce shi, ka fara hure ta da 'yar robar hura iska sannan ƙyalle mai laushi. Batir na biyu da fawa bank ka riƙa tafiya da su don filasha na shan caji. Wajen gyara Snapseed ko Lightroom na waya sun isa, ka yanke gefe, ka sauke wuraren da suka yi fari da yawa, kaifi kaɗan, kar ka cika kala har gizon ya koma wani abu da babu shi a duniya. In za ka tura a WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse hoton gashin nan da ka sha wahala a kai ya tafi. Don sanin sunansa kuma ka ɗora a iNaturalist, manhajar da ake taimaka wa juna gane sunan halittu, ka haɗa da hoton baya da na ciki da na fuska in ka samu, ka rubuta kwanan wata da gari da shukar da ka same shi a kai, in a gidanku ne ka ɓoye takamaiman wurin a saitin manhajar. Wani za a tsaya a sunan dangi kawai don gizo da yawa sai an duba su a madubin likita ake rabe nau'insu, ka bar shi a haka kar ka laƙa masa sunan da ba ka tabbatar ba.